Jadawalin Talabijin da Lokacin Mutanen Karkara

Kowane gidan talabijin yana tafiya ne a kan jadawali, wato tsarin da ke fayyace shirin da za a nuna a kowace sa'a ta yini da dare, daga Litinin zuwa Lahadi. Ma'aikatan tasha suna ɗaukarsa takardar aiki, masu talla suna duba shi don su san inda za su zuba kuɗinsu, amma a wajen mai kallo alkawari ne, domin tashar ce ta ce masa idan ya zauna a lokaci kaza zai tarar da shiri kaza. Ni mutumin wani ƙaramin gari ne da ke tsakanin Ringim da Taura a jihar Jigawa, a nan nake zaune da iyalina, kuma na daɗe ina lura da cewa wannan alkawari bai cika isowa gare mu yadda ya kamata ba. Wani lokaci ba a sanar da mu shi, wani lokaci a sanar a kuma saɓa, amma abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗora shirye-shiryen da suka fi amfanar mu a kan sa'o'in da babu wanda zai iya zama gaban akwati a ƙauye.

Talabijin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. An buɗe tashar farko a Ibadan a 1959, gwamnatin Sardauna ta buɗe ta Arewa a Kaduna a 1962, sannan a 1977 gwamnatin soja ta tattara tashoshin da ake da su a ƙarƙashin hukuma ɗaya, wato NTA. A zamanin Alhaji Abubakar Rimi, wanda ya hau kujerar gwamnan tsohuwar jihar Kano a 1979, aka kafa CTV, tashar da aka sauya wa suna zuwa ARTV bayan rasuwarsa a 2010. Lokacin da aka kafa ta mu ma 'yan jihar Kano ne, tunda sai a 1991 aka ƙirƙiro Jigawa, wadda yanzu babban birninta Dutse yake da tashar NTA da kuma tashar jiha. Waɗanda suka girme mu suna ba da labarin cewa a da tasha ba ta buɗewa sai wajen ƙarfe 4 na yamma, a fara da taken ƙasa, mai gabatarwa ya karanto shirye-shiryen ranar ɗaya bayan ɗaya, a rufe wajen tsakar dare. Sa'o'in kaɗan ne, amma kowa ya san su. Yanzu da tashoshi suka yawaita, da yawansu suna aiki ba dare ba rana, sai sanin lokacin shiri ya fi da wuya.

Wanda zai tsara jadawali domin mutanen karkara sai ya fara sanin yadda yininsu yake tafiya, kuma yinin ƙauye ba agogon ofis yake bi ba, rana yake bi da salla da aikin gona. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, magidanci yana idar da sallar asuba ya kurɓi koko ya saɓi fartanya, ba zai dawo ba sai rana ta take, wani ma sai dai a kai masa abinci can, ya yi azahar a gindin bishiya. Bayan la'asar, idan lokacin noman farko ne ko maimai, sai a sake komawa, domin ciyawa ba ta jiran kowa. Da kaka ana yankan gero da dawa, ana cirar gyaɗa, ana kaɗa riɗi, ana ɗebo amfani da amalanke zuwa rumbu. Rani kuwa, da a da ake ɗauka lokacin hutu da ci-rani, mutanen da ke bakin kogin Haɗeja sun mayar da shi wata daminar ta shinkafa da alkama da tumatir da albasa, kuma ban ruwa da sanyin safiya ake yin sa ko da yamma liƙis. Saboda haka shirin noma da aka sa da ƙarfe 11 na safe ko 5 na yamma, komai kyawunsa da zurfin ilimin malamin gonar da aka gayyato, daidai yake da mutum ya kai hajarsa kasuwar Gujungu ranar Talata, alhali kowa ya san Lahadi take ci.

Akwai kuma wani abu da masu tsara jadawali kan manta, wato lokacin salla yana matsawa a cikin shekara, jadawalin tasha kuwa yana nan kafe a kan agogo. A yankinmu, cikin watan Nuwamba rana kan faɗi tun ƙarfe 6 ba ta cika ba, a watan Yuli kuwa sai wajen 7 saura minti 10. Tazarar ta kusa awa guda, kuma isha'i ma haka take matsawa, da hunturu a idar da ita wajen 7 da rabi, da damina sai an wuce 8. Labaran Hausa da aka kafe a kan ƙarfe 7 za su faɗo tsakanin magariba da isha'i a wani ɓangare na shekara, lokacin da ake cin tuwon dare, a wani ɓangaren kuma su faɗo daidai lokacin da maza suke cikin sahu. Mutumin da ya saba kallonsu da hunturu sai ya rasa su gaba ɗaya da damina, ba don ya daina so ba. Tashoshi suna sabunta jadawalinsu duk bayan wata uku, kuma a ganina babu abin da zai hana a wannan sabuntawa a ɗauko kalandar lokutan salla a ajiye kusa da takardar shirye-shirye.

Sai maganar wuta, wadda ita ce take yanke hukunci na ƙarshe a kan wanda zai yi kallo da wanda ba zai yi ba. Tun 2020 hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar, na sama an yi masa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, na ƙasa kuwa awa 4, kuma layukan da ke shiga karkara galibi a ƙasa suke, bayan garuruwan da ko turke ba a kafa musu ba. Janareta ne yake cike giɓin, har zuwa watan Mayu na 2023 da aka janye tallafin man fetur, farashinsa ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki. Daga nan masu ƙananan janareta da yawa suka jingine su, masu ɗan hali suka koma sola. Sola kuwa tana da nata ƙa'idar, domin batir guda ne zai riƙe ƙwan fitila da cajin waya da fanka da talabijin, kuma maigida yana lissafin abin da zai rage masa zuwa asuba. Idan aka haɗa gona da salla da batir, za a ga cewa lokacin da namiji ɗan ƙauye yake da shi na kallo bai fi daga bayan isha'i zuwa wajen ƙarfe 10 da rabi ba. Wannan ɗan tsakanin shi ne dukan rabonsa a cikin awa 24 da tasha take watsa shiri.

Ga yadda wannan lokaci yake kasancewa a teburin mai shayin unguwarmu. Akwatin yana kan wani katako da aka kafa a jikin bango, an yi masa rumfar kwano saboda ruwa, wayarsa ta bi ta taga zuwa batir da ke cikin shago. Eriyar tana ɗaure a kan doguwar gora, kuma idan iska ta juya ta sai hoton ya cika da yayyafi, yaro ya fita ya riƙa murɗa gorar a hankali, na ciki suna ce masa ya ƙara, ya koma baya kaɗan, har a ce ya tsaya haka. Ana sallame isha'i benci biyu suke cika, wasu su shimfiɗa buhu a ƙasa, mai shayi yana fasa ƙwai da hannu ɗaya, rimot yana cikin aljihun rigarsa. Dattawa labarai suke so da Hausa, samari suna son wasan kwaikwayo ko ƙwallo, shi kuwa yana bin tashoshi ɗaya bayan ɗaya yana neman abin da zai riƙe masa jama'a, domin babu wata takarda ko sanarwa da ta gaya masa abin da ke tafe. Sau da yawa sai a faɗa tsakiyar shiri mai amfani, a ji rabinsa na ƙarshe, a yi ta tambayar juna abin da aka faɗa a farko.

Abu ɗaya da kowa a wannan benci ya san lokacinsa shi ne labaran ƙasa na NTA na ƙarfe 9 na dare, wanda dukan tashoshin hukumar suke haɗuwa su watsa daga Abuja. Shekara da shekaru bai gusa daga wannan sa'a ba, har wanda bai taɓa shiga aji ba ya san cewa idan ya ji kiɗan buɗe shi tara ta yi. Da Turanci ake karanta shi, kuma ban ga laifin haka ba a ƙasar da take da ɗaruruwan harsuna, amma hakan yana nufin awa guda daga cikin awa biyu da rabi na mutumin ƙauye ta tafi a harshen da mafi yawan masu zama a bencin ba sa ji sosai. Abin da ya rage shi ne daga 8 zuwa 9, da kuma ɗan abin da ke bayan 10. A ƙa'idar hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992 don sa ido a kan gidajen rediyo da talabijin, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na dare lokaci ne na iyali da ake son a cika shi da shirye-shiryen gida. Manufar tana da kyau, sai dai shirin gida ba lalle ne ya zama shirin da ya shafi manomi ba, kuma a nan ne nake ganin nauyi ya rataya a wuyan tashoshin da ke Kano da Dutse, su da suka san harshen masu kallonsu da sana'arsu.

Wata damina, bayan tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016 ta addabi gonakinmu, Baffana, ƙanin mahaifina, ya ji a bakin wani cewa wata tasha za ta kawo malamin gona ya yi bayanin yadda ake gane ta tun tana ƙarama da lokacin da ya dace a yi feshi. Ya aiko aka kira ni, ya ce, "Kai da kake taɓa waya, duba mini yaushe za su sa shirin nan." Na ce, "Baffa, na duba shafinsu ba su rubuta lokaci ba, amma an ce mini bayan labaran Hausa ne, ku zo mu jira tare." Ya zo da buzunsa ya zauna, mutumin da ba ya zaman teburin shayi. Da labarai suka ƙare sai aka sako hoton wani taron buɗe gini, jawabi bayan jawabi, har mai shayi ya fara tattara kofuna. Babu wanda ya fito ya ce an ɗage shirin, balle a faɗi ranar da za a kawo shi. Baffa ya naɗe buzunsa ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya tafi. Washegari ya je wurin mai sayar da maganin feshi, ya sayi abin da aka miƙo masa, ba tare da ya san ko shi ne ya dace ba.

Na san dalilin da yake jawo irin wannan, kuma adalci ne a faɗe shi. Gudanar da tashar talabijin yana cin kuɗi ƙwarai, musamman man dizal da na'urar watsa shiri take sha, kuma kasuwar talla a Arewa ba ta kai ta Legas ba. Saboda haka tashoshi suke sayar da lokaci ga mai iya biya, ko ma'aikata ce, ko ɗan siyasa, ko mai maganin gargajiya, ko mai biki, kuma duk wanda ya biya yana son a sa shi a sa'ar da ta fi jama'a. Shirin noma da na lafiya, da yake sau da yawa babu mai ɗaukar nauyinsu, su ne ake turawa rana tsaka, kuma su ne ake fara ɗagewa idan wani abu ya taso. Ban ce a daina sayar da lokaci ba, domin tashar da ba ta da kuɗin dizal ba za ta nuna wa kowa komai ba. Abin da nake roƙo shi ne a keɓe ko da rabin awa bayan isha'i, kwana biyu ko uku a mako, a ce wannan na manoma da makiyaya ne, ba a sayar da shi kuma ba a ɗage shi. Tashar da gwamnatin jiha take biyan albashin ma'aikatanta daga dukiyar jama'a, wadda mafi yawan masu ita a Jigawa manoma ne, tana da hujjar yin haka ko da babu mai talla.

Mai gidan kallon ƙwallo a garinmu ya fahimci abin da nake faɗa fiye da yadda ake zato. A ƙofar rumfarsa akwai baƙin allo, kuma kowace safiya yakan goge shi da tsumma ya rubuta wasannin ranar da alli, ƙungiya kaza da ƙungiya kaza, ƙarfe kaza, kuɗin shiga kaza. Ya san cewa ƙasashen Turai suna matsa agogonsu a Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba, mu kuwa namu ba ya motsi, don haka wasan Ingila na ranar Asabar da ake take shi ƙarfe 3 agogonmu a watan Satumba yakan koma ƙarfe 4 a watan Disamba, wasannin dare na gasar zakarun Turai kuma su tashi daga 8 su koma 9. Bai taɓa barin masu kallonsa su zo a lokacin da ba shi ba, domin ya san idan ya yi haka sau biyu za su koma rumfar maƙwabcinsa. Wannan allo shi ne jadawalin talabijin guda ɗaya da ake kafewa a bainar jama'a a garinmu, kuma na wasannin wata nahiya ne. Abin yana ba ni takaici matuƙa, cewa saurayi ya san sa'ar da za a take wasa a Landan amma bai san sa'ar da tashar jiharsa take karanta labarai da harshensa ba.

Rediyo ma ta daɗe da gane wannan. Sashen Hausa na BBC, da aka buɗe a 1957, ya sa shirye-shiryensa a lokutan da suka shiga jinin mutane, na safe bayan an dawo daga masallaci, na dare bayan isha'i, har dattijo yakan murɗa akwatinsa kafin a fara ba tare da ya dubi agogo ba. Gidajen rediyon Kano da Jigawa, na gwamnati da masu zaman kansu, su ma suna da shirye-shiryen da jama'a suka haddace sa'arsu. Gaskiya ne rediyo tana bin mutum gona a rataye a kafaɗa ko a cikin waya, talabijin kuwa sai an zauna masa, amma wannan ƙarin dalili ne da ya sa talabijin ya fi buƙatar cika lokaci. Wanda ya bar abin da yake yi ya zo ya zauna ya kashe wani abu daga lokacinsa, kuma alkawari kaya ne.

Duk abin da na faɗa zuwa nan ya fi shafar maza, alhali matan aure su ne suke gida yini guda, kuma zuwan sola ya buɗe musu wata ƙofa da ba a lura da ita ba. Da rana, lokacin da farantin sola yake shan hasken rana, kunna talabijin ba ya rage batirin dare sosai, don haka maigida bai cika hanawa ba. Uwargida tana samun sarari da hantsi bayan an sallami yara an gama shara da wanke-wanke, sannan bayan azahar kafin a ɗora tukunyar tuwo, kuma ko a lokacin hannunta bai zauna ba, tana ɗinkin hula ko ɓarar gyaɗa ko tsince shinkafa. A waɗannan sa'o'i ne ya kamata a sa bayanin awon ciki, da ranakun allurar rigakafi, da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa, da alamomin tamowa, da kiwon awaki da kaji, da Hausa bayyananniya kuma daga bakin mace 'yar'uwarsu. Abin da na fi tararwa idan na shigo gida a wannan lokaci shi ne maimaicin tsohon fim ko kiɗe-kiɗe, wato an ɗauki rana tsaka lokacin cike gurbi ne kawai.

Yara kuwa an fi kowa kuskure musu lokaci. An gaji al'adar sa shirin yara da ƙarfe 4 ko 5 na yamma da kuma safiyar Asabar, amma yaron ƙauyenmu yana dawowa daga boko ya ci abinci, ana yin la'asar ya ɗauki allo ko jakar islamiyya, ba zai dawo ba sai gab da magariba, kuma islamiyyu da yawa safiyar Asabar da Lahadi suke cika karatu. Ranakun hutun makarantar allo Alhamis ne da Juma'a, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san haka. Yammacin waɗannan kwana biyu ne yara suke sake. A 2020, da cutar korona ta sa aka rufe makarantu, jihohi da dama sun koma ba da darasi ta rediyo da talabijin, kuma a lokacin an ga yadda iyaye suke neman a gaya musu ranar lissafi da ranar Turanci don su tsare 'ya'yansu gaban akwati.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina cewa gyaran mai yiwuwa ne ita ce watan azumi. Shekarar Musulunci tana gaza ta Turawa da kwana 10 ko 11, don haka Ramadan yana zagaya damina da rani da hunturu, amma duk shekara tashoshinmu suna rushe jadawalinsu su sake gina shi a kan lokacin sahur da buɗa-baki da tarawihi. Ana sa tafsiri a sa'ar da aka san mutane sun zauna, ana sanar da sunan malami da lokacinsa tun kafin a ga wata, kuma ba a cika saɓawa ba. Ta wannan hanya ce karatun malamai irin su marigayi Malam Nasiru Kabara da marigayi Malam Isa Waziri ya shiga gidajen da masu su ba su taɓa zama a majalisinsu ba. Daren da ake duban wata kowa yana jiran sanarwar Sarkin Musulmi, da salla kuma ana nuna hawan sarakuna kai tsaye. Idan an iya bin lokacin jama'a wata guda a shekara, an iya bin sa a sauran wata goma sha ɗaya, a yi jadawalin damina dabam, na kaka dabam, na rani dabam.

Sanar da jadawalin shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi, kuma shi ne aka fi sakaci da shi. Tun zamanin majigi, da motar gwamnati take yawo ƙauye-ƙauye tana haska fim a jikin farin ƙyalle, sai an aika wa dagaci, sanƙira ya zaga gari ya yi shela, kafin magariba fili ya cika. A yau hanyoyin sun fi yawa. Gidan rediyon jiha yana iya karanto shirye-shiryen talabijin na dare a ƙarshen labaran safe, cikin minti ɗaya. Ana iya naɗar saƙon murya da Hausa a tura ta WhatsApp, tunda da yawa daga cikin mutanenmu sun fi sauraro a kan karanta boko, kuma saƙon murya yana yawo daga waya zuwa waya ko a inda intanet take da rauni. Ana iya buga takardar wata uku, da boko da ajami, a raba wa masu shayi da masu cajin waya a manyan kasuwanni irin su Gujungu da Maigatari da Wudil. Idan kuma dole ta sa aka ɗage shiri, rubutu ɗaya a ƙasan allon talabijin da murya ɗaya da ta faɗi sabuwar rana sun wadatar. Ita kanta dikoda, wato na'urar da ake haɗawa da talabijin don kama tashoshi, tana da maɓallin da ke nuna shirin da ake yi da wanda ke biye, amma idan aka danna shi a kan tashoshin gida sau da yawa babu komai a ciki sai sunan tasha, domin ba a cike bayanan ba.

Wannan maganar ta dikoda tana da nasaba da sauyin da aka daɗe ana yi daga tsohon tsarin watsa shiri zuwa na dijital. Yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a Janeba a 2006 ta sa watan Yuni na 2015 a matsayin wa'adi, Najeriya ba ta cim masa ba, aka fara gwaji a Jos a 2016, aka ƙaddamar a Kano a 2021. Kafin sauyin ya game karkara, mutane sun riga sun nemo wa kansu hanya, suka ɗora farantin tauraron ɗan'adam a kan katangar ƙasa, suna kama tashoshin kyauta. Ta nan ne Arewa24, da ta fara aiki a 2014 tana watsa shiri da Hausa dare da rana, da kuma tashoshin wa'azi da na fina-finai suka shiga ɗakunan matan ƙauye. Na lura cewa matan gidanmu sun san rana da sa'ar wasan kwaikwayon da suke bi a irin waɗannan tashoshi, har sukan gaggauta girki saboda shi, domin ana yawan tuna musu lokacin, ana cika shi, kuma ana maimaita shirin ga wadda ta rasa. Tashar jiha ba za ta iya gasa da su a yawan fina-finai ba, kuma ba ta buƙatar haka, domin tana da abin da su ba su da shi, wato kusanci.

Tashar da ke watsa shiri ga dukan masu jin Hausa daga Najeriya zuwa Nijar da Gana ba za ta tsaya faɗin farashin buhun gero a Gujungu ko na rago a Maigatari ba, kuma ba za ta gaya wa mutumin Auyo ranar da za a fara rabon taki a mazaɓarsa ba. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa da inda ake tsoron fari a tsakiya, kuma wannan bayani ne da ya kamata a fassara shi ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a maimaita shi daga Afrilu har a gama shuka. Mu da muke bakin kogin Haɗeja, wanda madatsun Tiga da Challawa suke samansa, ba mu manta ambaliyar 2022 ba, da ta cinye gonaki da gidaje daga Ringim har zuwa Haɗeja da ƙasanta. A watannin Agusta da Satumba, minti biyar kowane dare a sa'a ɗaya tsayayya, da za a faɗi yadda ruwan kogi yake, da garuruwan da ya kamata su fara kwashe hatsi da dabbobi zuwa tudu, zai sa mai unguwa ya san lokacin da zai aiko yaro teburin mai shayi ya jiyo masa, ya kuma sa a yi shela a masallaci da asuba.